LAFIYAR IYALI: Kafin a Saya wa Tsoho Madogara, a Auna Shi, a Auna Gidan

 

Maganar da za mu yi a wannan fitowa ta samo asali ne daga wani abu da ya faru a gidanmu. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara 75, ta zame a bakin makewayi ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti, aka sallamo ta, likita ya ja kunnenmu cewa lalle ta riƙa tashi tana takawa. Da ɗanta da ke zaune a Faransa ya ji haka, sai ya aiko mata da wata madogara ta hannun wani mai dawowa gida: mai taya huɗu, da birki irin na keke, da wurin zama, har da ɗan kwandon zuba kaya. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya yaba, ya sa wa yaron albarka, kuma lalle ya cancanci albarkar. To amma ranar da aka ce ta gwada, tana ɗora nauyinta sai abin ya sulale gaba a kan simintin ɗaki. Ba don jikanta yana tsaye kusa ya tare ta ba, da a ranar an koma asibiti. Da aka fito da ita tsakar gida kuma, sai tayoyin suka nutse cikin rairayi suka ƙi motsi. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ku kawar mini da wannan keke. Na gode wa mai aikowa, amma kwanciyata ta fiye mini." Sati uku ta yi ba ta yarda ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Abin da nake kira madogara shi ne wannan ƙarfe mai ƙafa huɗu da mariƙi biyu, wanda mutum ke tsayawa a cikinsa ya dafa da hannuwansa biyu yana takawa. Likitoci da masu farmasi suna kiran sa déambulateur da Faransanci, kuma da wannan suna za ku neme shi. Ba sanda ba ce, ba kuma keken guragu ba ne, tsakaninsu take. Ana ba da ita ga wanda sanda ta yi wa kaɗan, amma ƙafafunsa ba su gaza ɗaukar sa gaba ɗaya ba: tsohon da tafiyarsa ta fara tangaɗi, wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa, wanda doguwar jinya ta cinye masa ƙarfi, da mai ciwon gaɓoɓi da nauyin jikinsa ke yi wa gwiwoyi yawa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne laifin kwanciyar da Gwaggo ta zaɓa, tun da akwai ƴaƴa da jikoki masu yi mata hidima? Laifinta babba ne, kuma a nan tausayinmu yake yawan cutar da iyayenmu. Jikin tsoho ba ya jure zaman gado. A wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2007, an kwantar da wasu dattawa masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a kan gado, aka tarar a matsakaici sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, balle wanda ciwo ya riga ya raunana. Ban da zubewar tsoka, doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya da na ɗuwawu, da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, da ciwon huhu, da taurin ciki, da kuma wani irin ɓacin rai da kan rufe wanda ya saba fita gaisuwa da masallaci ya wayi gari sai an juya shi. Saboda haka ne likitocin ƙashi a yau suke tayar da wanda aka yi wa aikin ƙugu tun washegarin aikin, in dai babu wani dalili da ya hana. Mu kuwa mukan ce "bar shi ya huta", har ranar da za a ce ya tashi a tarar ƙafafun sun manta da aikinsu.

Tsoron da Gwaggo ta ji kuma ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa mutum kusan dubu 684 ke mutuwa kowace shekara a sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ita kanta madogarar tana iya zama sanadi. Wani nazari da aka fitar a Amurka a 2009, wanda ya duba shekarun 2001 zuwa 2006, ya nuna tsofaffi kimanin dubu 47 ake kai wa sashen gaggawa kowace shekara bayan sun faɗi alhali suna riƙe da sanda ko madogara, kuma kashi 87 cikin 100 na waɗannan da madogara ne. A ƙasar da daɓe yake a shimfiɗe ke nan, kuma akwai masu koyarwa. Ina ga gidajenmu masu rairayi, da dokin ƙofa, da awaki?

Madogara iri uku ce a taƙaice, kuma tsadarta ba ita ce ke nuna dacewarta ba. Ta farko ba ta da taya ko ɗaya, ƙafafunta huɗu duk da roba a ƙasa. Ɗaga ta ake yi a ajiye gaba, sannan a taka. Ita ce mafi tsayuwa da ƙarfi, ita ake ba wanda aka hana ɗora dukan nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, kuma ta alminiyom ba ta cika wuce kilo 3 ba. Aibinta shi ne tafiya da ita a hankali take, tana gajiyar da kafaɗu, kuma a daidai lokacin da aka ɗaga ta mutum ba shi da abin dogaro. Don haka wanda jiri ke mayar da shi baya ba ta dace da shi ba. Ta biyu tana da ƙananan taya biyu a gaba da roba a baya. Turawa ake yi ba ɗagawa ba, kuma da an danna nauyi sai ƙafafun baya su kama ƙasa su tsayar da ita. Ga yawancin tsofaffin da ke yawo tsakanin ɗaki da rumfa a kan siminti, ita na fi ganin amfaninta. Ta uku ita ce irin wadda aka aiko wa Gwaggo, mai taya huɗu da birki da wurin zama, wadda ake kira rollator. Wata mata ƴar ƙasar Suwidin mai suna Aina Wifalk, wadda shan inna ya taɓa, ita ta ƙirƙiro ta a shekarar 1978, kuma ba ta yi mata rajistar mallaka ba, domin ta isa ga duk mai buƙata. Abu ne mai kyau ƙwarai, amma ga mai ita: wanda ƙafafunsa ke ɗaukar sa, numfashi ne ko gajiya ke tsayar da shi, yana son ya je bakin titi ya zauna ya huta ya ci gaba. Ba a yi ta don a rataya mata nauyin jiki ba. Tana buƙatar yatsu masu ƙarfin matsa birki, da hankalin da zai tuna a matsa. Tsohon da mantuwa ta kama, ko wanda aka yi wa aiki jiya, in an ba shi ita an ba shi abin da zai gudu ya bar shi.

Akwai kuma waɗanda dole a tambayi likita kafin a saya musu komai. Mai shanyewar ɓarin jiki, wanda hannu ɗaya ba ya riƙo, madogara mai mariƙi biyu karkacewa za ta riƙa yi da shi; akwai sanda mai ƙafa uku ko huɗu da ake riƙewa da hannu ɗaya, ita ce tasa. Mai ciwon rawar jiki da ake kira Parkinson kuwa, ɗagawa da ajiyewa kan ƙara daskarar masa da tafiya, mai taya ta fi masa. Wanda ya san wannan aiki shi ne likitan motsa jiki, wanda muka fi sani da kine. Ana samun su a manyan asibitoci, kuma kuɗin ganin sa sau ɗaya ko sau biyu bai kai rabin asarar sayen abin da za a jingine a lungu ba. Shi ne ya zo ya ga Gwaggo daga baya. Bai ce a sayi komai ba. Ya ce a aro mai taya biyu a gwada tukuna.

Yanzu sai awo, wanda shi ne zuciyar maganar. A tsayar da mutum cikin madogarar sanye da takalmin da zai riƙa yawo da shi, ya miƙe gwargwadon iyawarsa, ya saki hannuwansa a gefe. Mariƙin ya zo daidai da layin wuyan hannu, inda ake ɗaura agogo. In ya dafa, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da masana ke ƙiyastawa da digiri 15 zuwa 30. In mariƙin ya yi sama, kafaɗu za su ɗage, wuya ya yi ciwo, kuma hannu ba zai iya danna nauyi ƙasa ba. In ya yi ƙasa, mutum zai duƙa, baya ya ƙage, nauyinsa ya rinjaya gaba. Kowace ƙafa tana da ramuka da ɗan maɓallin ƙarfe da ake dannawa a ƙara tsawo ko a rage. A ƙirga ramukan, a tabbata duka huɗun a rami ɗaya suke, kuma maɓallin ya fito sosai har an ji ƙararsa. Na sha shiga gida in tarar an bar madogara yadda ta fito daga kwali, gajeriyar tsohuwa tana tafe da kafaɗu a kunne, babu wanda ya san ana iya rage ta. A duba kuma nauyin da aka rubuta a jikinta cewa tana iya ɗauka; mai jiki sosai akwai tasa ta musamman, mai faɗi da ƙarfi.

Bayan an auna mutum sai a auna gidan, kuma wannan shi ne abin da ɗan Gwaggo bai iya gani daga Faransa ba. A ɗauki igiya a gwada faɗin madogarar, wanda kan kai wajen santimita 60, a je a gwada ƙofar ɗaki, musamman ƙofar makewayi, domin a gidajenmu ita ce mafi ƙunci, kuma ita ce inda tsoho ya fi zuwa. A bi hanyar da zai riƙa bi, taki bayan taki, daga gado zuwa makewayi, daga ɗaki zuwa inuwar da yake zama. In rairayi ne mai laushi, ƙananan taya ba za su yi ba, ƙafafu marasa taya ma nutsewa suke yi ba daidai ba. Ba sai an daɓe dukan tsakar gida ba: ƴar siririyar hanya ta siminti mai ɗan kaushi, ko ta jar ƙasa da aka daddaɓe, mai faɗin mita 1, ta wadatar. Daɓen karo kuwa, da muke ƙawata ɗakuna da shi yanzu, in ruwa ya taɓa shi ya fi komai santsi. A naɗe tabarmi da dardumomin da ke kan hanya, domin bakinsu ne ke kama ƙafar madogara. A kawar da wayar fanka, da buta, da turmi, da takalman baƙi da ake tarawa a bakin ƙofa. A hana yara mayar da ita mota, domin su ne ke kwance maɓallan su bar ta a karkace. Awaki da kaji kuma a san inda za a tsare su a lokacin da tsoho zai fito.

Sai yadda ake tashi da ita. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kama madogarar ya ja jikinsa sama. Ba a kafe take a ƙasa ba, in an ja ta tahowa za ta yi ta faɗo kan mai ja. Daidai shi ne a ajiye ta a gaba, mutum ya matso bakin kujera, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya dafa hannun kujera ko katifa ya tura kansa sama, sai ya miƙe sannan ya kama mariƙi ɗaya bayan ɗaya. Kada ya taka nan take. Tsofaffi da yawa, musamman masu shan maganin hawan jini ko na barci, jininsu kan sauka in sun miƙe da sauri, idanu su yi duhu. In daga kwance ne, ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ya miƙe ya ɗan tsaya, in kai ya daidaita sannan ya tafi.

Wajen takawa, a tura madogarar gaba gwargwadon taki ɗaya kawai, a tabbata ƙafafunta huɗu suna ƙasa, a fara shigar da ƙafar da ke ciwo, a danna nauyi kan hannuwa, sannan lafiyayyar ta biyo. Jiki ya kasance a cikin madogarar, ba a bayanta can nesa kamar mai tura baro ba, ba kuma a manne da ƙarfen gaba ba. Ido ya dubi gaba. Wajen juyawa a yi ƙananan taki ana zagayawa tare da ita, kada a kafe ƙafa a murɗa jiki. Wajen zama a ja da baya har a ji kujera ta taɓa bayan gwiwoyi, a saki mariƙi a kai hannu baya a dafa kujerar, a sauka a hankali. Mai rollator ya kulle birki biyu kafin ya zauna a kanta ko ya tashi, kuma kada a zaunar da shi a kai a tura kamar keken guragu, domin ƙaramin dutse ya isa ya kifar da su. Dokin ƙofa ko matakala guda ɗaya ana iya haye ta: a fara ɗora madogarar gaba ɗaya, in hawa ne lafiyayyar ƙafa ta fara, in sauka ne mai ciwo ta fara. Matakalar bene kuwa ba wurin madogara ba ce ko kaɗan. Wanda ɗakinsa ke sama a sauko da shi ƙasa har ya warke.

Wanda ke rakiya ya tsaya a bayansa ta ɓangaren ƙafar da ke ciwo, hannunsa kusa da ƙugun majiyyaci. Kada ya riƙe masa hannu, kada kuma ya shiga gaba yana jan madogarar yana cewa "taho, Baba, taho". Sannu ba ta hana zuwa.

Tufafinmu ma suna da nasu rabon. Babbar riga, da zanen da ke jan ƙasa, da dogon hijabi, duk suna shiga ƙarƙashin taya ko su naɗe ƙafa. A cikin gida dai a taƙaita, a ɗaura zane sama da idon sawu. Silifa mai santsi da ke fita daga ƙafa a bar ta. A nemi takalmi mai kama dunduniya da ƙasan roba. Ga mai ciwon suga wannan ya zama dole, domin tafin ƙafarsa ba ya jin ƙaya ko zafin ƙasa yadda ya kamata. Kuma tun da hannu biyu suna kan mariƙi, ba a ɗaukar buta ko kofin shayi a hannu. A ɗinka ƴar jaka a ɗaura a ƙarfen gaba don carbi da salula da tocila, amma kada a cika ta har ta rinjayi madogarar.

Na ambaci tocila da gangan. Faɗuwa da yawa da dare take faruwa, tsoho ya farka da matsuwar fitsari, wuta ta ɗauke, ba ya son ya tashi kowa. A bar masa fitila mai caji a kunne, a ajiye madogarar inda hannunsa zai kai daga gado, ba a jingine ta a bayan ƙofa don ɗaki ya yi kyau ba. In makewayi yana da nisa, a ajiye masa abin fitsari a ɗaki, kuma a yi hakan cikin sirri da mutuntawa. Shi kansa makewayin tsugunno babbar matsala ne ga mai ciwon gwiwa ko ƙugu. Kafinta zai iya yin kujera mai ƙarfi da rami a tsakiya da hannuwa biyu a ɗora a kan bakin masai, mai walda kuma ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu, likitoci kan hana shi zaman da gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo, da harɗe ƙafafu, na wasu makonni. Wannan ya haɗa da kujerar tsakar gida ta mata, da zama a tabarma, da katifar da ke ƙasa. A tambayi likitan da ya yi aikin tsawon lokacin, domin ya danganta da irin aikin.

A nan ne maganar salla ke shigowa, domin na ga dattawa da suka jure komai amma suka kasa jure a ce kada su kai goshi ƙasa. Wanda ya karanta Ahalari ya san an jero halayen mai salla daki-daki: tsayuwa ba tare da jingina ba, sannan tsayuwa da jingina, sannan zama, har zuwa kwanciya, kowa gwargwadon ikonsa, kuma wanda ya kasa sujada yana yin nuni. Addini bai ɗora wa kowa ya ɓalle aikin da aka yi masa ba. A gaya wa malami ainihin abin da likita ya hana, shi kuma ya faɗi yadda za a yi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tsaro: kujerar sallar ta zama mai ƙarfi, ba ta roba da rana ta cinye ba, a jingine ta da bango. Alwala a yi ta a zaune, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, a goge hannu da ƙafa kafin a kama mariƙi. Masu kula da masallatai kuma, da za su bar wuri a gefen sahu kusa da ƙofa, su gyara matakalar shiga, da dattawa da dama da suka daina zuwa jam'i sun dawo.

Game da saye, ba kowa ke da ɗa a Turai ba, kuma ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Rahoton da OMS da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan 2 da rabi a duniya ke buƙatar wani abin taimako irin su tabarau, abin ji, keken guragu ko madogara, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Don haka ba na ganin aibi a sayen ta hannu ko aro daga maƙwabta, muddin an duba. A girgiza ta a ji ko tana rawa, a duba wuraren walda ko akwai tsagewa, a buɗe a naɗe a ji ko makullin naɗewar yana kamawa, a juya ta a ga robobin ƙafa. Roba ita ce rayuwar madogara. Zafinmu yana busar da ita, siminti yana cinye ta, kuma da ƙarfe ya leƙo ta zama abin zamewa. Kuɗinta kaɗan ne, a saya da saura a ajiye, a kuma riƙa dubawa kowane wata. Kada a bar madogara a rana, domin ƙarfen kan yi zafin da zai sa tsoho ya sake ta ba shiri. Wadda mai walda ke ƙerawa da bututun ƙarfe kuwa, ban ce a guje ta ba, ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma nauyi ne da ita kuma ba a ƙara mata tsawo, saboda haka a kai masa awon wuyan hannun mai ita, a ce ya yi amfani da bututu marar kauri, ƙafafun su ɗan buɗe ta ƙasa, ya naɗe mariƙin da roba, ya sa robobi a ƙafafu huɗun.

Saura abin da ya fi awo wuya, wato yardar mai ita. Dattijon da ya yi shekara 50 yana ciyar da gida ba ya son a gan shi a unguwa yana tura ƙarfe. Wani zai ce sanda ta ishe shi, domin sanda ado ce ta manya, wannan kuwa shelar gazawa ce. Faɗa ba ya magance wannan, haka ma yi masa magana kamar yaro. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a ɗaura maganar a kan abin da yake marmari. Kine bai ce wa Gwaggo ta tashi don tsoka ba. Tambayar ta ya yi, "Hajiya, ina kike so ki fara zuwa in kin tashi?" Ta ce tana son ta shiga makewayi ita kaɗai ba tare da surukarta ta riƙe ta ba. Ya ce to taki 14 ne tsakaninta da wurin, yau za a yi 4. A haka aka fara, safe da yamma, ana ƙarawa kaɗan kaɗan.

In kuma duk da haka an faɗi, kada a ruga a ciccíɓe shi ta hammata. A bar shi ya natsu, a tambaye shi inda ke ciwo. In ƙugu ne ko makwancin cinya, ko ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, ko ya kasa ɗora mata nauyi, ko kansa ya bugu, musamman mai shan maganin tsinka jini, ko ya ruɗe, to asibiti za a nufa a ɗauki hoton ƙashi, a kwance, ba a zaune a kan babur ba. Karayar ƙugu a can ciki take inda karan ɗori ba ya kai wa, kuma kowace rana da aka ɓata tana ƙara haɗari. In babu ko ɗaya daga waɗannan, kuma ba wanda aka yi wa aiki kwanan nan ba ne, sai ya juya ta gefe, ya durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, a kawo kujera mai ƙarfi ya dafa, ya kafa lafiyayyar ƙafa ya tashi ya zauna. Ko bai ji ciwo ba a gaya wa likita, domin sau da yawa faɗuwa alama ce ta wani abu: magani ya yi yawa, ido ya yi rauni, ko suga ya sauka.

Ga wanda aka yi wa aiki, madogara matakin wucewa ce, daga ita sai sanda, daga sanda sai ƙafa, kuma kine ne zai faɗi lokacin sauyawa, ba masu dubiya ba. Ga wani tsohon kuwa abokiyar zama ce har iyakar kwanansa, kuma babu komai a cikin hakan. Gwaggo ta yi wata huɗu da mai taya biyun da aka aro, aka mayar wa masu ita, ta koma sanda a cikin gida. Keken da ta ce a kawar yana nan an ciro shi daga lungu, an rage masa tsawo rami biyu, an koya mata birki. Da shi take zuwa gaisuwa gidan ƙanwarta, ta gefen titin da ƙasarsa ke da tauri, jikanta yana biye da ita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.